Sanyaya Jikin Wanda Zuciyarsa Ta Tsaya: Inda Likitoci Suka Kwana

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gadar Wudil ranar Juma'a, ya dubi masunta da masu ɗibar yashi da yara masu iyo, ya san ba a rasa ranar da za a tsamo wani daga kogi ba ya numfashi. Haka nan a kara ko a ofis mutum kan yanke jiki ya faɗi, zuciyarsa ta tsaya cak, kamar yadda ya auku ga ɗan ƙwallo Samuel Okwaraji a Legas a 1989. Akwai waɗanda zuciyarsu kan sake tashi in an agaza musu da wuri. To amma ƙwaƙwalwa fa?

Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini. Cikin minti 4 zuwa 6 take fara lalacewa, kuma ɓarnar kan ci gaba har kwanaki bayan jini ya komo. Shi kuwa sanyi yana rage mata bukatar iska, da kimanin kashi 6 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya da zafin jiki ya sauka. A 1999 wata likita mai suna Anna Bagenholm ta maƙale cikin ruwa a ƙarƙashin ƙanƙara a ƙasar Norway har minti 80, zafin jikinta ya sauka zuwa digiri 13.7, amma ta rayu har ta koma bakin aiki. Kada dai mai karatu ya sa ran haka a ruwanmu na nan, gama ba shi da wannan sanyi.

A 2002 aka buga sakamakon bincike biyu, ɗaya daga Turai, ɗaya daga Ostareliya. Na Turai ya ƙunshi mutum 275 waɗanda zuciyarsu ta dawo amma ba su farfaɗo ba. An sanyaya rabinsu zuwa digiri 32 zuwa 34 na awa 24. Kashi 55 cikin 100 na waɗanda aka sanyaya suka tashi da hankalinsu, alhali a ɗaya rukunin kashi 39 ne kaɗai. Nan da nan manyan asibitocin duniya suka rungumi dabarar.

Sai dai an lura cewa da yawa cikin waɗanda ba a sanyaya ba sun yi zazzaɓi. Shin sanyin ne ya yi magani, ko zazzaɓin ne ya yi ɓarna? A 2013 likitocin Suwidin suka jagoranci gwada digiri 33 da 36 a kan mutum fiye da 900, ba a ga bambanci ba. A 2021 aka sake da mutum wajen 1,900: rabi aka sanyaya, rabi kuwa zazzaɓi kawai aka hana su. Waɗanda suka rasu kashi 50 ne da kashi 48, watau duk kanwar ja ce, sai ma rikicewar bugun zuciya da ta fi yawa ga waɗanda aka sanyaya. Saboda haka a 2022 masana a Turai suka ba da shawara a tsare zafin jikin irin wannan majiyyaci kada ya wuce digiri 37.7 har awa 72.

A ganina wannan labari ne mai daɗi ga gari irin Wudil. Sanyaya mutum zuwa digiri 33 sai da na'urar numfashi, da maganin hana karkarwa, da lantarkin da ba ya yankewa, abubuwan da sai an yi tafiyar kimanin kilomita 40 zuwa manyan asibitocin Kano, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Hana zazzaɓi kuwa farkonsa ma'aunin zafi ne, da farasitamol, da jiƙaƙƙen tsumma, da fanka, da ma'aikacin jinya wanda ba zai gaji da aunawa ba. Ba ƙaramin aiki ba ne a watan Afrilu, sa'ad da zafin gari kan haura digiri 40, ga kuma zazzaɓin cizon sauro yana jiran kowa.

Amma a kiyaye, wannan aikin asibiti ne. Kada 'yan'uwa su kwarara wa majiyyaci ruwan ƙanƙara. Ko ma'aikatan motar asibiti da suka gwada ɗura ruwan sanyi ta jijiya a birnin Seattle na Amurka, sakamakon 2014 ya nuna zuciya ta fi sake tsayawa a hanya.

Aikin wanda ke wurin daban ne. A kwantar da mutumin rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa zurfin santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemo mota. In daga ruwa aka tsamo shi, a fara hura masa iska ta baki. Wudil na da Jami'ar Aliko Dangote da Makarantar Horar da Manyan 'Yan Sanda, kuma koyon wannan bai fi yini ɗaya ba. Ya kamata hukumar lafiya ta ƙaramar hukuma ta fara da ɗalibansu, sa'an nan ta gangara bakin kogi wurin Sarkin Ruwa da mutanensa.