ƘAWANCE DA ASUSU: ABIN DA KE RIƘE MACE BISA KUJERAR SHUGABANCI

Ran 13 ga watan Mayu na shekarar 1991, mata suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu bisa titunan birnin Yamai. Abin da ya tashe su shi ne, cikin kwamitin da aka ɗora wa shirya babban taron ƙasa, mace ɗaya tak aka sa. Ma'aikatan biro da ƴan kasuwa, malaman lakwal da matan gida, suka jeru kafaɗa da kafaɗa har hukuma ta saurare su, aka ƙara mata biyar cikin kwamitin. Ranar nan ce ta zama ranar matan Nijar.

Ƴan uwa masu karatu, abin lura a nan shi ne, mace guda da ke cikin kwamitin ba ta rasa ilimi ba, ba ta rasa baki ba. Abin da ta rasa shi ne ƴan uwa a gefenta. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

DOKA TA BA DA KUJERA

Hanyar ta yi tsawo. An kafa Ƙungiyar Matan Nijar a 1975, zamanin Seyni Kunce, amma sai a 1987, shekara 27 bayan samun mulkin kai, mace ta farko, Madam Mumuni A'isata, ta shiga gwamnati. A zaɓen 1999, cikin ƴan majalisar dokoki 83, mace ɗaya ce ta samu shiga. Shekarar 2000 aka yi dokar kaso, wadda ta ware aƙalla kashi 10 cikin ɗari na muƙaman zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi, don kada jinsi guda ya cinye duka. Amfaninta ya fito fili a zaɓen 2004, inda mata 14 suka shiga majalisa mai kujeru 113. A 2014 aka ɗaga kason zaɓe zuwa 15, a 2019 kuma ya kai 25, na naɗi ya kai 30.

To, doka tana iya zaunar da mace bisa kujera, amma ba ta iya sa a saurare ta. Mu ɗauki misalin matar ƙauye da aka zaɓa cikin majalisar karkararta. Ta iske maza sun cika ɗaki, takardun da aka raba da faransanci suke, an kuma riga an ƙulla magana tun jiya a wata majalisar hira da ba ta iya zuwa. Taro ya ja har la'asar, ga girki yana jiranta. In ta yi magana a ce ta cika kaudi, in ta yi shiru a ce dama cikon lissafi ce. Wadda ba ta da wanda za ta kai wa wannan kuka, wa'adi ɗaya ya ishe ta ta koma gida, ƙasa kuwa ta yi asarar shugaba.

AKWATI MAI KWAƊO UKU

A shekarar nan ta 1991, nesa da Yamai, cikin ƙauyukan yankin Maraɗi, aka soma wani aiki marar hayaniya tare da taimakon ƙungiyar CARE. Sunansa Mata Masu Dubara. Tushensa adashe ne da iyayenmu mata suka sani tun fil azal, sai dai an yi masa gyara. Mata ashirin ko talatin su haɗu kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yarda, ko da dala biyar ce. Maimakon mace guda ta kwashe, sai a ajiye kuɗin cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku dabam, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Mai bukata ta ɗauki bashi, ta yi sana'arta ta ƙuli-ƙuli ko kiwon akuya, ta maido da ɗan ƙari. In shekara ta kewayo a raba uwar kuɗi da riba. Daga Maraɗi dubarar ta bazu zuwa sauran jahohin ƙasa, ta ƙetara har ƙasashe da dama na Afirka.

Mutane da yawa kuɗin kaɗai suke gani. Amma wanda ya zauna wurin taron ya san makaranta ce. Nan mace ke koyon tsayawa gaban jama'a ta yi bayani, nan take koyon zaɓen shugaba da ma'ajiya, da bin bashi ba tare da ɓata zumunci ba, da raba gardama. Ƴan uwanta kuma suna ganin halinta mako bayan mako: ko tana cika alkawari, ko tana riƙe amana. Shi ya sa da aka zo zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, mata da dama daga cikin waɗannan ƙungiyoyi suka tsaya takara, wasu suka ci. Ba su tafi su kaɗai ba. Waɗanda suka zuba asusu tare da su, su ne suka bi gida gida neman ƙuri'a, su ne kuma suka riƙe musu yara ranar taro.

GADONMU NE

Kada wani ya ɗauka baƙon abu ne. A ƙasar Hausa mace tana da ƙawa, wadda ke tsaya mata ranar suna da ranar aure da ranar makoki. Akwai biki, inda gudummawar da kika kai yau za ta dawo miki gobe da ƙari. Akwai yaya da ƙanwar rana: babba ta ɗauki ƙarama da ba danginta ba, ta ja ta a jiki, ta nuna mata hanya. A fada ma, Iya a Maraɗi da Inna a Gobir suna da mata a bayansu, da su maganarsu ke yin nauyi. Abin da ya rage shi ne mu kai wannan gado cikin biro da ɗakin taro.

ABIN DA YA KAMATA

Na farko, wadda ta riga ta hau ta nemi ƙanwar rana. Ta zauna da sabuwar shiga, ta karanta mata takardun kasafin kuɗi, ta gaya mata inda ita ta yi tuntuɓe.

Na biyu, matan da ke cikin majalisa ko kwamiti guda su riƙa ganawa kafin ranar taro, su daidaita bakinsu kan rijiya, ɗakin haihuwa ko lakwal ɗin ƴan mata. Bambancin ra'ayin siyasa bai kamata ya hana wannan ba, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, mai takardar digiri ta birni kada ta raina wadda ta fito daga ajin yaƙi da jahilci. Ɗaya ta san doka da faransanci, ɗaya ta san mutane da abin da ke cikin rumbunsu. Kowace tana bukatar ƴar uwarta.

Na huɗu, wadda aka ɗaga kada ta yanke ƙafa daga ƙungiyar da ta ɗaga ta. Ta koma ta zauna bisa tabarma, ta faɗi abin da ta yi da wanda ya gagare ta, ta kuma karɓi gyara. Ƙawa ta gari ita ce mai gaya miki gaskiya cikin ɗaki kafin a faɗe ta a kasuwa. Zumunta a ƙafa take.

Ma'aikatan hukuma su ma da nasu kason. Su sa taro a lokacin da mata ke iya halarta, su aika takardu da wuri, su yarda a yi muhawara cikin harsunan ƙasa. Mazaje kuma su tuna cewa matar da ta fito yi wa jama'a aiki ba ta zubar da girman gidanta ba.

Matan 13 ga Mayu sun buɗe ƙofa, matan akwati sun nuna yadda ake zama cikin ɗakin. Duk mai riƙe da wani muƙami yau, ƙarami ko babba, ta tambayi kanta: wa na jawo a bayana, wa kuma zan kira ranar da abu ya yi tsanani?