FILIN WASA A CIKIN KWARI: YADDA ƘANANAN JAMI'O'IN AMURKA KE GYARAN FILAYENSU

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da suke ce wa ƙwallon ƙafa, amma wanda ya saba da tamaula in ya gan shi sai ya riƙe baki. Ƙwallon dogo ne kamar gwanda, kuma da hannu ake ɗaukarsa a ruga da shi. Mutum 11 ne a kowane gefe. Tsawon filin ya kai metir 110, faɗinsa metir 49. Ana ba ƙungiya dama sau 4 ta matsa gaba kamar metir 9. In ta kasa, sai ƙwallon ya koma hannun abokan karawa. Mai son tsai da wanda ke gudu da ƙwallo sai ya kama shi ya kayar, kamar a fagen kokowa. Shi ya sa kowa ke sa hular kwano da sulken roba a kafaɗa.

Wasan nan ɗaliban jami'a ne suka fara shi, kuma har yau ranar Asabar tasu ce, daga watan Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba. Makarantun da za a yi magana kansu su ake kira kwaleji. Kar mai karatu ya ɗauka irin C.E.G. ce ta Maraɗi ko Damagaram. A can kwaleji jami'a ce ƙarama, wadda yaro ke shiga bayan ya gama lise, ya yi shekara 4.

Manyan jami'o'i ba su da kukan kuɗi. Filin jami'ar Mishigan na ɗaukar mutum sama da dubu 107. A 2022 ƙungiyar jami'o'in da take ciki ta sayar wa gidajen talabijin izinin nuna wasanninta a kan dala kamar miliyan dubu 7 na shekara 7. Dalar Amurka ake nufi fa, ba dala mai tamma biyar ba. Dala miliyan ɗaya ta haura sefa miliyan 500.

Ƙanana kuwa suna wani rukuni da hukumar wasannin jami'o'i, wato NCAA, ta kafa a 1973, ana ce masa rukuni na uku. Makarantu sun fi 400 a ciki, sama da 200 daga cikinsu na wannan wasa. Dokar rukunin ta hana a rage wa yaro kuɗin makaranta don ya iya wasa. Talabijin kuma ba ta damu da su ba. To, ina suke samun kuɗin gina fili?

Fadama ta zama fili

A jihar Minesota, can arewa kusa da Kanada, akwai wani ƙauye Collegeville, kamar kilometir 120 daga birnin Miniyapolis. Nan ne wasu malaman kirista masu zaman ibada suka girka makarantar Saint John's, wadda aka kafa a 1857. Maza kaɗai take ɗauka, kuma ɗalibanta ba su kai dubu 2 ba. Daji ne da tabkuna suka kewaye ta.

A 1908 suka share wata fadama da ke cikin kwari suka mai da ita filin wasa. Tudun da ya kewaye kwarin shi ya zama wurin zaman ƴan kallo, ba wanda ya biya ko tamma don a gina shi. A shekarun 1930 aka zuba matakalan siminti, aka yi ƙofa ta dutse. Haka aka yi ta lallaɓa shi shekara da shekaru.

Babban gyara sai a 1997. Wani attajiri na yankin, Bill Clemens, ya ba da dala miliyan ɗaya. Da ita aka gina sabon wurin zama, aka faɗaɗa ɗakin ƴan jarida, aka ƙara makewayi da rumfunan sai da abinci. Tukuicinsa shi ne aka sa wa filin sunansa. A 2002 aka cire ciyawa aka shimfiɗa ta roba. Fitilun wasan dare ba su zo ba sai a 2012, lokacin da filin ya shekara 104. Kowane aiki sai da kuɗinsa ya samu kafin a taɓa ƙasa.

Kujerun filin ba su kai na mutum dubu 10 ba har yanzu. Amma a 2015, ranar karawa da abokiyar hamayyarsu, jami'ar Saint Thomas, an ƙidaya mutum dubu 17 da 327. Wanda bai samu kujera ba sai ya shimfiɗa bargo kan tudu ƙarƙashin itatuwa, kamar yadda kakanninsa suka yi.

Wa ke biya?

Kuɗin ƙofa ba ya gina fili. A shekara ƙungiya na wasa 10, rabinsu kaɗai a gida. Yawancin ƙananan makarantu in sun samu ƴan kallo dubu 2 sun gode Allah. Abin da aka tara a ƙofa kan ƙare wajen biyan alƙalan wasa da hayar mota.

Saboda haka shugaban makaranta sai ya ɗauki ƙoƙon bara ya nufi tsofaffin ɗalibai, musamman waɗanda suka yi wasan da ƙuruciya suka kuma yi arziki. Kome na filin yana da farashi. Mai babbar kyauta a sa sunansa a ƙofa. Mai bi masa a ba shi allon ƙidayar maki ko ɗakin sa kaya. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi tubali ɗaya a rubuta sunan mahaifinsa a jiki. Gomnatin Amurka tana rage haraji ga wanda ya yi irin wannan kyauta, abin da ke ƙara sakin hannun masu hali. Bankin gari da mai sai da motoci su ma suna biya a kafa allunansu. In an tara bai isa ba, sai a ci bashi.

Amma me zai sa makaranta mai ɗalibi dubu ɗaya ta zuba miliyoyi a filin da za a yi wasa 5 a kansa? Amsar tana cikin jakar ma'ajin makaranta. Yawancinsu ba na gomnati ba ne, da kuɗin ɗalibai suke rayuwa. A Saint John's kuɗin karatu na shekara ya wuce dala dubu 50 a takarda, ko da yake mafi yawa ana yi musu rangwame mai yawa. Ƙungiyar wannan wasa kuwa tana cin yaro 100 ko fiye. Ga misali: in yaro 100 kowa ya biya dala dubu 20 bayan rangwame, an samu miliyan 2 ke nan a shekara. Ashe ɗan wasa shi ke biyan makaranta. Ga kuma ƙarancin maza a jami'o'in Amurka, inda mata suka fi su yawa tun shekarun 1980. Yaro ɗan shekara 17 da ya zo duba makaranta tare da iyayensa, abin da ya fara tambaya shi ne fili da ɗakin motsa jiki. In na maƙwabta ya fi kyau, can zai tafi da kuɗinsa.

Ita ciyawar roba da kowa ke rububi, zare ne na roba da ake cusa wa yashi da garin tsofaffin tayoyin mota. Shimfiɗa ta na cin abin da ya kusa dala miliyan ɗaya. Ba ta son ban ruwa, ba ta son yanka, ruwan sama bai mai da ita taɓo. Da safe ƴan mata masu tamaula su yi amfani da ita, da la'asar maza su shigo, da dare a ba yaran gari haya. Wannan na da muhimmanci, don tun 1972 akwai dokar da ta tilasta wa makarantu su ba mata damar wasa kamar maza. Sai dai ranar zafi robar na ƙuna har ta cikin takalmi. Kuma bayan shekara 8 ko 10 sai an naɗe ta an sayi sabuwa. Attajiri na son a sa sunansa a sabon gini, amma samun mai biyan canjin tsohuwar shimfiɗa aiki ne.

Watan Agusta, watan gwaji

Ƴan wasa kan iso makaranta mako biyu ko uku kafin sauran ɗalibai. Ci da sha da makwancinsu duk a wuyan makaranta suke. Kowace hular kwano na cin ɗaruruwan daloli, ana kai ta gyara a kai a kai, kuma in ta shekara 10 an daina sa ta.

Lokacin nan ne mafi hatsari, don damina ce mai zafi da gumi, ga kaya masu nauyi. Ranar 1 ga Agusta 2001 wani babban ɗan wasa na ƙungiyar ƙwararru ta Minesota, Korey Stringer, ya rasu yana da shekara 27, bayan zafi ya buge shi a wurin horo a garin Mankato. A shekarar nan ɗaliban jami'a ma sun mutu a wurin horo. A 2003 hukumar NCAA ta kafa doka: kwana 5 na farko na sabo da zafi ne, a fara da hula kaɗai, sannan a ƙara na kafaɗa, sai a rana ta biyar a sa kaya duka. A 2017 ta hana horon gwabzawa sau biyu a yini.

Wajen ƙarshen wata sai a yi wasan gwaji. Wani lokaci ƙungiya ce ke rabuwa biyu, wani lokaci a gayyato makarantar da ke kusa. Ba a rubuta wanda ya ci. Masu horo na tsaye cikin fili, su tsai da wasa su gyara kuskure, a sake. Mai jefa ƙwallo, wanda shi ne idon ƙungiya, ana sa masa riga mai launi dabam don kar kowa ya taɓa shi. Alƙalai su ma hannunsu suke warewa. Ana ɗaukar kome a hoto, da dare a zauna a duba ɗaya bayan ɗaya.

Ga ɗan kallo wasan banza ne, amma ga yaran babbar rana ce. Mutum 11 kaɗai ke shiga fili a lokaci guda, motar tafiya kuma ba ta ɗaukar kowa. Yaron da ya yi suna a garinsu, a nan zai gane ko zai taka fili bana, ko zai shekara a kan benci iyayensa na biya. Wasu daga ranar suke tattara kayansu. In gwiwa ta goce kuwa, shekarar ta tafi tun ba a fara ba.

Wannan hasara ita John Gagliardi ya ƙi yarda da ita. Ana faɗin sunan Galardi. Ya fara horas da ƴan wasa a 1943 yana ɗan shekara 16, lokacin da aka ɗauke mai horon makarantarsu zuwa yaƙin duniya, ya riƙe ƴan'uwansa ɗalibai. Ya zo Saint John's a 1953, bai aje aiki ba sai a 2012. Dokokinsa duk na hani ne. Ba a kayar da kowa a wurin horo. Ba busa usur, ba tsawa. Horo ba ya wuce minti 90. In ruwa ya sauko ko sauro ya yi yawa, a koma ɗaki. Ba a korar yaro don bai iya ba, har ƙungiyarsa kan kusa mutum 200. Kuma ba wanda zai ce masa maigida, sunansa kawai za a kira.

Masu horo da yawa sun yi masa dariya. Ya bar su da dariyarsu, ya ci wasa 489 a rayuwarsa, abin da babu wanda ya kai a tarihin jami'o'in Amurka. Ya ɗauki kofin ƙasa sau 4: a 1963, 1965, 1976 da 2003. A na ƙarshen ya doke Mount Union da ci 24 da 6, ƙungiyar da ta yi wasa 55 a jere ba a ci ta ba. Ya rasu a 2018. Yau da likitoci suka gano illar da yawan bugun kai ke yi wa ƙwaƙwalwa, dokokin hukuma na ta matsowa inda tsohon ya tsaya tun tuni.

Tseren gini

Abokiyar hamayya Saint Thomas tana cikin birnin Sen Pol, ɗalibanta sun ninka na maƙwabtanta, masu ba ta kyauta ma haka. A 2010 ta buɗe gidan wasanni na dala miliyan 52. Gwanayen yara suka yi ta kwarara can. A 2017 karawarta da Saint John's ta tara mutum dubu 37 da 355 a babban filin Miniyapolis. A shekarar nan kuma ta lallasa makarantar Saint Olaf da ci 97 da babu. Sauran makarantu suka ce ba za su iya ba. A watan Mayu 2019 aka fitar da ita daga ƙungiyar jihar, wadda da ita aka kafa ta a 1920. A 2021 ta koma rukuni na ɗaya. Saint John's ta ci karawarsu ta ƙarshe a 2019, amma ta rasa ranar da ta fi kawo mata jama'a da ciniki.

Waɗanda suka shiga tseren da bashi sun fi ji a jika. Malaman jami'ar Jojiya sun binciki makarantun da suka buɗe wannan wasa don su jawo ɗalibai. Abin da suka bayyana a 2024 shi ne yawan ɗalibai kan tashi da fari, bayan ƴan shekaru ya koma inda yake. Jami'ar Finlandia ta jihar Mishigan ta kafa ƙungiya a 2015, aka rufe makarantar baki ɗaya a 2023.

A jihar Alabama, kwalejin Birmingham-Southern ta koma rukuni na uku, ta tada ƙungiya a 2007, ta gina sabon fili a 2008 tare da wasu gine-gine masu tsada. A shekarar nan tattalin arzikin Amurka ya karye, ajiyar makarantar ta zube. A 2010 aka gano babban kuskure cikin lissafin rangwamen da ake yi wa ɗalibai. Ƴan wasa sun zo, sun biya, sun ci wasanni, amma kuɗinsu bai cike ramin ba. Ta nemi rancen dala miliyan 30 wurin gomnatin jiha, ma'ajin jiha ya ƙi sa hannu. Aka rufe ta ranar 31 ga Mayu 2024, tana da shekara 168, filinta kuwa yana da 16.