Gasar tsara manufofin gwamnati a jami'o'i: Yadda take da abin da za mu amfana da ita

A duk majalisar da aka zauna a ƙasar nan, ko a bakin shago ko a harabar ofis bayan sallar Azahar, ba a rasa wanda zai lissafa matsalolin Najeriya tiryan-tiryan: rashin wuta, ƙarancin ruwa, tsadar abinci, haraji barkatai. Hira takan yi sanyi ne idan aka ce to, me za a yi, wa zai yi, kuma da kuɗin wa? Domin horar da matasa su iya amsa waɗannan tambayoyi ne jami'o'i da dama a duniya suka ɓullo da gasar da ɗalibai ke fafatawa wajen tsara mafita ga matsalolin jama'a.

Yadda ake gudanar da ita

Tsarin gasar kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Masu shiryawa sukan zaɓi matsala guda, ɗalibai su haɗu rukuni-rukuni, galibi daga fannoni daban-daban, ta yadda mai karatun shari'a zai zauna da mai karatun tattalin arziki da injiniya. Kowane rukuni zai rubuta takarda mai bayyana asalin matsalar da hujjoji, da hanyoyin da za a iya bi, da wadda suka zaɓa da dalilin zaɓenta, da abin da za ta ci, da yadda za a gane ko ta yi aiki. Daga nan sai su tsaya gaban alƙalai su kare abin da suka rubuta.

Ɗaya daga cikin fitattun irin wannan gasa ita ce Geneva Challenge, wadda cibiyar nazarin hulɗar ƙasashe da raya ƙasa ta birnin Geneva a Switzerland ta fara a 2014 domin ɗaliban digiri na biyu. Rukuni yakan ƙunshi ɗalibai uku zuwa biyar, ana gayyatar waɗanda suka kai zagayen ƙarshe zuwa Geneva, kuma wanda ya zo na ɗaya yakan samu kuɗin Switzerland 10,000. Kowace shekara da maudu'inta: bunƙasar birane a 2016, samar da aikin yi a 2017, sauyin yanayi a 2018.

Akwai kuma wani salo da ƙungiyar makarantun koyar da aikin gwamnati ta NASPAA, mai hedikwata a Amurka, ta fara a 2015. A nan ana ɗora ɗalibai a kan kujerun shugabanni cikin wani wasan kwaikwayon mulki na kwamfuta, su yanke shawara, na'ura ta nuna musu sakamakon shawarar nan take. A 2018 maudu'in shi ne yadda za a tunkari annoba mai game duniya. Shekara biyu bayan haka korona ta ɓulla, abin da aka gwada a aji ya zama aikin yau da kullum na ma'aikatun lafiya.

Misali daga kasuwa

Domin a fahimci abin da ɗalibi ke koyo, a ɗauka an ba wani rukuni matsalar gobarar kasuwa, irin wadda ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016. Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce gwamnati ta sayo motocin kashe gobara. Alƙalin da ya san aiki ba zai bar su a nan ba.

Zai tambaye su, wace gwamnati? Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya kafa kasuwanni da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, amma wasu manyan kasuwanni suna hannun gwamnatocin jihohi, kuma hukumar kashe gobara daban take da kamfanin rarraba wutar lantarki. Zai sake tambaya, idan an sayo motar, ta ina za ta shiga alhali an kafa rumfuna a kan hanya? Idan za a buɗe hanyar, ina za a kai masu rumfunan, wa zai biya su diyya? Ina ruwan da motar za ta ɗiba? Idan daga jone-jonen waya da janareta gobarar ke tashi, ashe gyaran wayoyi bai fi sauƙin kuɗi ba?

Ɗalibin da ya sha waɗannan tambayoyi yakan fita da darasi uku. Na farko, kowace manufa tana da farashi, kuma kuɗin da aka zuba a nan an hana wani wuri ne. Na biyu, kowace manufa tana da wanda za ta taɓa wa abinci, kuma idan ba a yi lissafi da shi ba, shi zai kashe ta. Na uku, shawarar da aka kai ofishin da ba shi da hurumi a kanta ta mutu tun ba a haife ta ba.

Inda gizo ke saƙa

Gasar tana da nata rauni. Sau da yawa iya magana da kyawun hotunan da aka haska su ke rinjayar alƙalai, sai mai zurfin tunani da ba ya da zalaƙar Turanci ya koma gefe. Ɗaliban jami'o'i masu hali sukan fi samun masu horar da su da kuɗin tafiya. Babbar matsalar kuwa ita ce bayan an tafa an raba kyauta, takardar da ta yi nasara takan ƙare a cikin durowa.

Amma tarihinmu na kusa ya nuna shawarar matasa tana iya zama doka idan aka bi ta da naci. Dokar nan ta rage shekarun tsayawa takara, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu, 2018, daga ƙungiyoyin matasa ta taso. Ta sauke shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Ko da yake ba a zauren gasa aka haife ta ba, matakan da ta bi su ne gasar ke koyarwa: buƙata ɗaya bayyananniya, rubutaccen ƙudiri, 'yan majalisar da za su ɗauki nauyinsa, da bin majalisun jihohi har a samu amincewar aƙalla 24 daga cikin 36, kamar yadda gyaran tsarin mulki ke buƙata.

Rawar ma'aikaci da ɗan kasuwa

Ba mu rasa wuraren da za su riƙe irin wannan gasa ba. Akwai Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki ta Kuru da aka kafa a 1979, da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da ta daɗe tana horar da ma'aikatan gwamnati, da Gidan Mambayya na Jami'ar Bayero. Abin da zai sa gasar ta yi tasiri shi ne wanda aka zaunar a teburin alƙalai da abin da aka yi da takardar daga baya.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shugaban 'yan kasuwa da ya san rasit nawa ake yanka wa motar kaya kafin ta iso gari zai gano shawarar da ba za ta yi aiki ba tun kafin ɗalibi ya rufe baki. Daraktan da ya shekara 20 yana shirya kasafin kuɗi ya san inda takarda ke maƙalewa. Ya dace irin waɗannan su riƙa ba da maudu'in gasa, su kuma zauna cikin alƙalanta.

Ma'aikata kuma su sauƙaƙa wa ɗalibai samun alƙaluma. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumomin gwamnati kwana bakwai su amsa buƙatar mai neman bayani, kuma ɗalibin da aka hana alƙaluma dole ya rubuta zato. Su kuwa masu ɗaukar nauyi, da za su ware wani kaso na kyautar domin gwada shawarar da ta yi nasara a layi ɗaya na kasuwa ko gunduma ɗaya na wata shida, da an san ingancinta, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ɗaliban da ke aji huɗu a yau su ne za su riƙe fayil ɗin lasisin shago da na fansho nan da shekara 15. Gara su koyi tambayar wa zai biya da wa zai cutu a zauren gasa, inda kuskure ba ya cin dukiyar kowa, da su koye ta a kan kujerar mulki.