Ruwan Gishiri da Sakamakon Awon Ƙasa

Idan aka kai ƙasar gona ɗakin gwaji, akan duba tsaminta da kuma yawan fosfet ɗin da shuka za ta iya sha. Sai dai lambar da ke fitowa ba ƙasar kaɗai ke yanke ta ba, ruwan da aka dama ta da shi ma yana da hannu.

Mu fara da tsami. Da ma'aunin pH ake auna shi: 7 tsaka-tsaki ne, abin da ya gaza haka tsami ne. Ƙwayoyin yumɓu suna riƙe da haidirojin da alminiyam, waɗanda su ne tushen tsamin. In da tataccen ruwa aka dama ƙasar, yawancinsu suna nan maƙale. In kuwa da ruwan gishiri ne, sai kalsiyam ko fotashiyam na gishirin su ture su, su faɗo cikin ruwan, na'ura ta gane su. Shi ya sa ƙasar da ta nuna 6.0 a ruwa kan nuna wajen 5.5 a ruwan kalsiyam kulorayid mai ƙarfin mola 0.01, ta sauka wajen 5.0 a fotashiyam kulorayid mai mola 1.

To, don me ake sa gishirin? Saboda gishirin da ke cikin ƙasa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Taki da rani suna ƙara shi, damina tana wanke shi, sai awon da aka yi da ruwa zalla ya yi ta hawa da sauka. Wannan ya sa a 1955 wasu masana biyu a Ingila, Schofield da Taylor, suka ba da shawarar amfani da kalsiyam kulorayid, don sakamako ya daidaita.

Sai fosfet. A yawancin ƙasa, jikin yumɓu da fosfet cajin lantarki iri ɗaya gare su, don haka suna korar juna. Da gishiri ya yi ƙarfi sai korar ta ragu, fosfet ya samu ya manne wa sinadaran ƙarfe da alminiyam, abin da ya rage cikin ruwan ya yi kaɗan. Gishirin kalsiyam ya fi na sodiyam yin haka. A jar ƙasa mai tsananin tsami kuwa, lamarin yakan juya.

Saboda haka, kafin a yanke shawarar zuba farar ƙasa ko ƙara takin supa, a duba ruwan da aka yi awon da shi. Ba a kwatanta sakamako biyu sai in hanyar awonsu ɗaya ce.