Takardar ƙarin jini: mu adana ta kamar takardar gona

Mun san yadda damina take a ƙasar Maradi. Gero yana girma, sauro kuma yana yawaita. Zazzaɓin cizon sauro yana shanye jinin yara. Daga Sabon Gari, da Tibiri, da Jiratawa, iyaye suna kai ƴaƴansu asibiti a ƙara musu jini. Haka ma mata masu haihuwa, da masu amosanin jini, wato sikila.

Ƙarin jini yana ceton rai. Amma ba kowane jini ne yake dacewa da kowa ba.

Jini iri-iri ne

A shekarar 1901, wani likita na ƙasar Ostiriya mai suna Karl Landsteiner ya gano cewa jinin mutane ya kasu kashi-kashi. Yau mun san manyan kashi huɗu: A, B, AB da O. A shekarar 1940 aka gano wata alama kuma, ana ce mata Rezus. Waɗannan su ne ake fara aunawa kafin a ƙara wa mutum jini.

To, amma alamomin da ke jikin ƙwayoyin jini sun fi 300. Idan aka ƙara wa mutum jinin da ke ɗauke da alamar da shi ba shi da ita, jikinsa yana iya ɗaukar ta baƙuwa. Sai ya ƙera dakaru a cikin jini don su yaƙe ta. Juna biyu ma yana iya jawo haka, idan jinin jariri ya bambanta da na uwa.

Ina haɗarin yake?

Bayan watanni ko shekaru, dakarun nan suna iya raguwa har awo ya kasa ganin su. Amma jiki bai manta ba. Kamar karen gida ne da ya san ɓarawo: ko ya kwanta, in ɓarawon ya dawo zai tashi. Idan aka sake ƙara irin wancan jini, dakarun suna farkawa su farfasa shi. Bayan kwana 3 zuwa 14 sai a ga zazzaɓi, idanu sun yi shawara, fitsari ya yi duhu, jini ya sake faɗuwa. Ga mai sikila, wannan yana iya kai wa ga mutuwa.

A ce yarinya mai sikila an ƙara mata jini a Madarunfa. Baɗi a Maradi. Daga baya iyayenta suka tafi Katsina, ciwo ya tashi a can. Likita na uku zai san abin da na farko ya gani ne kawai idan labarin ya iso gare shi.

Don haka ne ƙasar Holan ta kafa rajista ɗaya a shekarar 2007. Asibitin da ya gano irin dakarun nan a jinin majinyaci sai ya rubuta, sauran asibitoci su gani ta kwamfuta. Muna fatan asibitocinmu da cibiyoyin ƙarin jini na Maradi da Yamai su kai ga irin wannan.

Abin da ke hannunmu

Mu da muka koyi karatu da rubutu, ga aikinmu:

1. Mu roƙi likita ya rubuta irin jinin, da ranar ƙari, da sunan asibiti a cikin karne.
2. In an samu matsala bayan ƙarin jini, a rubuta ta.
3. Mu tafi da karne duk asibitin da za mu, ko a ƙetaren iyaka ne.
4. Mace ta faɗa wa likita yawan cikin da ta yi, har da ɓari.
5. In alamomin nan sun bayyana, a koma asibiti ran nan. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Kada tsoro ya sa mu ƙi ƙarin jini in likita ya ce a yi. Kuma masu lafiya mu riƙa ba da jini. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.