Gano Matsalar Wuta a Amfilifaya Mai Bawul: Abin Lura ga Masu Gyara a Ringim

1.0 Gabatarwa

Kafin yaɗuwar taransisto, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, rediyo da amfilifaya da bawul suke aiki, wato kwalbar gilashi da aka zuƙe iskar cikinta. Akasarin masu gyaran rediyo na yau a Ringim da Dutse a kan taransisto suka koyi sana'a. Don haka tsohuwar amfilifaya mai bawul takan zo musu da haɗari biyu: lalata na'urar da samun kayanta ya yi wuya, da kuma rasa rai. Wannan maƙala ta bayyana yadda ake bin sawun matsalar wutarta daki-daki.

2.0 Hanyar da Wuta Take Bi

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. Taransifoma takan raba ta: bolt 6.3 don ɗumama bawul, da kuma babbar wuta mai kai wa bolt 300 zuwa 450. Babbar wutar takan ratsa rektifaya, kamar GZ34, wadda ke mayar da ita mai tafiya hanya ɗaya. Daga nan kafasita ta tace ta kafin ta isa bawul masu ƙarfafa sauti, irin su EL34. Wannan jeri shi ne tsarin bincike.

3.0 Alamomi da Ma'anarsu

Idan babu bawul ko ɗaya da ya yi haske, a fara da fiyus da makunni da wayar shiga. Idan suna haske amma babu sauti, ana zargin babbar wuta ta yanke, sau da yawa a rektifaya ko a razista da ta ƙone. Gurnani mai ɗorewa a lasifika, wanda rage murya ba ya kashe shi, yakan nuna kafasita ta bushe. Yawan ƙonewar fiyus kuwa alama ce ta haɗuwar wuta. A nan sai a zare rektifaya a sake kunnawa: in fiyus ya ƙara ƙonewa, zargi ya koma kan taransifoma, in ya tsira, matsalar tana gaba. Sanya fiyus mafi girma ko ɗaura waya a madadinsa shi ne mafi saurin hanyar ƙona taransifoma.

4.0 Tasirin Muhalli

Zafin bazara a tsakiyar Jigawa yakan haura digiri 40, kuma ƙa'idar injiniyoyi ita ce ƙarin digiri 10 yana rage rabin rayuwar kafasita mai ruwa. Ƙurar hunturu tana taruwa a gindin bawul har ta buɗe wa tartsatsi hanya. Sauyawa tsakanin wutar KEDCO da ta janareto kuma yana jawo hawa da saukar ƙarfin wuta, shi ya sa ya kamata a auna wutar soket kafin a buɗe na'ura.

5.0 Kammalawa

Kafasita tana riƙe wutar da za ta iya kisa ko bayan an zare filogi. Wajibi ne a sauke ta ta hanyar razista, a tabbatar da mita, sannan a taɓa. Haka nan ba a kunna irin wannan amfilifaya ba tare da an jona lasifika ba, domin hakan yana lalata taransifomar sauti, wadda samun madadinta ya fi komai wuya.