Jakar Ruwan Da Kumburin Fankiriyas Ke Bari A Baya

An sallami majinyaci bayan matsanancin ciwon ciki. Wata guda ke nan, amma loma uku ta ƙosar da shi, ga amai, ga wani ciwo a ƙarƙashin ƙirji da ke sukarsa har gadon baya. A gida sai a ce olsa ce. Wani lokaci kuwa ruwa ne ya taru a jikin fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi, wadda ke samar da insulin da ruwan narkar da abinci.

Tsakuwar matsarmama da yawan shan giya su ne kan gaba wajen kumbura gaɓar. A wajen yara kuwa, bugu na cikin manyan dalilai, kamar wanda ya faɗi kan keke ya daki cikinsa. Idan bututun gaɓar ya tsage, ruwan narkar da abincin sai ya tsiyaye, jiki kuma ya kewaye shi da bangon tabo, ya zama jaka. Bangon kan ɗauki kamar mako 4 kafin ya yi ƙwari, kuma wannan ne ma'aunin da ke cikin tsarin Atlanta na rarraba kumburin fankiriyas da aka sabunta a 2012.

Aikin likita na farko shi ne tabbatar da cewa ba ƙari ne mai ruwa ba, domin wasu irinsa kan rikiɗe su zama ciwon daji. Hoton CT ko MRI kan fayyace hakan. In akwai shakku, a zuƙo ruwan a auna. Na wannan jakar cike yake da sinadarin amilas.

A da, jakar da ta haura santimita 6 ko ta wuce mako 6 sai tiyata. Yanzu halin majinyaci ake dubawa, domin da yawa kan tsotse da kansu. Ana taɓa ta ne idan ciwo ya ƙi lafawa, ko ta yi ruwa da mugunya, ko ta danne hanji ko hanyar matsarmama har ido ya yi shawara, ko ta ci jijiyar jini. Nan ma ba lallai a tsaga ciki ba: ana zura kyamara ta baki, a huda bangon tumbi zuwa jakar, a dasa ɗan bututu, ruwan ya kwarare cikin tumbi.

Zubar da ruwan rabin magani ne. Muddin ba a cire matsarmamar mai tsakuwa ba, ko ba a bar giya ba, kumburin na iya dawowa da sabuwar jaka.